Shekarar da Aka Hana Shan Kunun Tsamiya a Gidanmu

Na gaji da jin labarin tashinmu daga Ƙofar Jatau a bakin mutanen da ba su san kansa ba balle gindinsa. Kwanan nan a gidan wani biki na ji wata tana ba wata labari, ina zaune kusa da su kamar turmi, wai ni ce na raba mahaifinku da yayansa, na kuma kashe wa 'yarsa Nafisa aure don tawa 'yar ba ta auru ba. Mai maganar nan, a shekarar da abin ya faru ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa ba. Na dawo gida na nemi biro. Kai Aminu, ke Fa'iza, ku biyu kuka rage mini, kuma a lokacin kuna makarantar kwana, abin da kuka sani guntu-guntu ne da kuka tsinta a bakin dangi. To ga shi nan daga bakin mai shi, har da wuraren da ni ma ban fita da kyau ba.

Kun san ni ba 'yar birni ba ce. Mahaifina manomi ne da ya baro ƙauye ya zauna a Tudun Jukun, da rani ya yi leburanci, da damina ya koma gona. Da guminsa na yi karatu har na zama malamar kimiyya a makarantar 'yan mata. Gidan da aka kawo ni kuwa gidan malamai ne da alƙalai, zaure uku kafin ka ga tsakar gida, kowane ɗaki akwai littafin da ya girmi mai ɗakin. Kakarku Hajiya Iya ce ke riƙe da cikin gida, baffanku Alhaji Babba, yayan mahaifinku, yana riƙe da zaure. Ba su taɓa zagina ba, wannan shaidar zan ba su. Amma ba su taɓa mantawa da fartanyar ubana ba. Yaro ya yi rashin ji, a ce halin can ne. Ya ci jarrabawa, a ce jinin gida ne.

Yayarku ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba tana raye, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Yau zan rubuta shi: Hindatu. Ta yi aure lafiya, ta samu ciki, daga wata na bakwai numfashi ya fara yi mata wuya. Daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Ƙafafu suka kumbura, leɓe ya yi duhu. Kowa ya ce nauyin ciki ne, ni ma da karatun nawa na ce nauyin ciki ne. Ta haihu, kwana tara ta rasu, jaririn ma bai yi arba'in ba. A zaman makoki na ji bayani iri-iri: wai ruwan wanka bai ratsa ta ba, wai iska ce, wai ta cika fita da magariba.

Shekara biyu bayan haka ƙanwarta Sa'adatu, tana aji biyu a jami'a, ta fara cewa benen ajinsu ya ƙara tsawo. Muka yi dariya, muka ce lalaci ne. Da abin ya ƙi, a wani ɗan asibiti aka ce asma ce, aka ba ta abin shaƙa, ta shaƙa wata uku ba sauƙi. Ran da ta sunkuya za ta ɗauki bokiti a bakin famfo ta yanke jiki ta faɗi, na duba leɓenta na ga irin duhun nan na Hindatu. Ban jira shawarar zaure ba, na sa ta a mota sai babban asibiti. Can aka haɗa mu da wata likitar zuciya, mace mai ƙarancin magana. Ta ɗauki hoton zuciyar Sa'adatu, ta daɗe tana kallo. Ta ce hawan jini ne, amma ba irin wanda ake aunawa a dantse ba, na cikin huhu ne: jijiyoyin da ke kai jini huhu sun tsuke, zuciya tana ta turawa kamar mai tura baro a hawa. Sai ta tambaye ni ko an taɓa yin irinsa a dangi. Na ba ta labarin Hindatu. Ta ajiye biro.

"Hajiya, zan so in ɗebi jinin yarinyar nan, da naki, da na mahaifinta. Ba a yin wannan gwajin a nan, waje za mu aika. Zai ɗauki lokaci."

Da labari ya isa gida cewa likita tana zargin ciwon na gado ne, Hajiya Iya tana kan darduma da carbi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gado? To a gidan nan dai Alƙur'ani muka gada. A bincika can."

Kowa ya san inda can take. Wata huɗu na yi ina amsa gaisuwar mutane masu kallona da irin tausayin da ake yi wa wanda ya shigo da annoba bai sani ba. Har ni kaina na fara yarda. Na je Tudun Jukun na tsare gwaggona da tambaya, wane ne ya mutu da me, tun daga kakanni. Ta lissafa mini: maciji, tsufa, amai da gudawa, wani ya faɗo daga giginya. Da na matsa mata ta ce, "Ke Rabi, mu da muke yini a gona, in muna haki wa zai yi huɗa?" Na dawo ba tare da na samu laifin da na je nema ba.

Ran da sakamako ya dawo muka je tare da mahaifinku. Dakta ta ɗora takarda a tebur, ta nuna wasu haruffa huɗu da lamba ɗaya, KCNK3. Ta ce sunan wata ƙwayar gado ce, ɗaya daga cikin dubban umarnin da ɗa yake karɓa daga uwa da uba. Aikin wannan shi ne gina wata 'yar ƙofa a jikin naman jijiyoyin huhu, ƙofar da wani gishirin jiki da ake kira fotasiyam yake fita ta cikinta. Muddin yana fita, jijiya tana sake. In ƙofar ta rufe, jijiya ta ɗaure. Ita ƙofar nan tana jin tsami: in ruwan jikin da ke kewaye da ita ya ɗan ƙara tsami sai ta rufe, in ya daidaita ta buɗe. Ta Sa'adatu an gina ta a karkace, ba ta buɗewa yadda ya kamata. Ni da na yi shekaru ina rubuta fotasiyam da asid a allo, ina dukan tebur don 'yan mata su haddace, ban taɓa zaton a ƙirjin 'yata zan gamu da su ba.

"Daga wa ta samo?" in ji mahaifinku. Bai kalle ni ba, amma na san inda zuciyarsa take kallo.

"Matarka ba ta da shi. Malam, a jininka yake."

Mutumin da yake zuwa masallacin Juma'a a ƙafa ya dawo a ƙafa, ko haki ba ya yi. Ya gyara hula, ya sake gyarawa.

"Dakta, ba a yi musayar kwalba ba kuwa?"

Ta ce ba a yi ba. Ta ce da yawa suna ɗauke da abin har su tsufa bai taɓa su ba, amma duk ɗan da suka haifa ko ya ɗauka ko ya tsallake, rabi da rabi. Ya fi tashi a jikin mata, kuma babu abin da yake tsananta shi kamar ciki. Ba a warkewa, amma in an gano da wuri akwai magungunan da suke sassautawa. Ta ce ya kamata 'yan'uwansa da 'ya'yansu su sani, musamman 'yan mata.

Ku yarda da ni, ban yi murna ba. Na dai ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka, sai kuma kunyar jin hakan ta kama ni, ga 'yata zaune a benci a waje tana haki. Da muka shigo ganuwa muka hango ƙofar gida, mahaifinku ya juyo gare ni.

"Malama, ki bar mini wannan. Ni zan yi musu bayani da kaina."

Na bar masa. Ya kuwa yi bayani. Mahaifinku magatakardar kotu ne, ya san yadda ake karanta takarda a tsallake layin da ba a so. Ya tara Hajiya Iya da Alhaji Babba, ya faɗi ƙofa, ya faɗi tsami, ya faɗi fotasiyam, da aka tambaye shi mene ne shi kuma, ya ce ai shi ne ake samu a toka, dangin kanwa. Jinin wane ne, wannan layin ya ɓace. Washegari Hajiya Iya ta kafa doka. Ba kunun tsamiya, ba yakuwa, ba zoɓo, ba lemun tsami, nono in ya kwana a ba kaji. Kanwa da ruwan toka kuwa a kowace tukunya. Muka ci miyar kuka mai kanwa har harshe ya saɓule. Azumi ya zo, gida guda aka sha ruwa da kunun kanwa kwana talatin, manyan mata da furfurarsu suna tsallakawa maƙwabta a ɓoye su kurɓi na tsamiya su goge baki. Sannan aka tuno cewa lokacin da nake da cikin yaran nan ina yawan tsotsar tsamiya da ɗanyen mangwaro. Wato laifin ya bar jinina ya koma bakina.

Na je na zauna a gabanta, na yi ladabi iyakar iyawata.

"Hajiya, ba tsamin abinci ake nufi ba. Abin da mutum ya ci ba ya isa can. Jiki da kansa yake daidaita nasa."

"Tsami ke rufe ƙofar ko ba shi ba?"

"Shi ne, amma..."

"Kanwa tana kashe tsami ko ba ta kashewa?"

"A tukunya tana kashewa."

"To ni ban yi boko ba, Rabi, amma na fi ki daɗewa a gaban murhu."

Na koyar da 'yan mata masu taurin kai iri-iri, ban taɓa fita daga aji a kaye kamar ranar ba. Inda na kafe ɗaya ne: da na tarar ana jiƙa wa Sa'adatu kanwa ta sha a kan magungunanta, na ɗauke kofin na zubar a rariya a gaban kowa. Aka ce na yi rashin kunya. Na karɓa. Shi kuwa mahaifinku, kullum na tambaye shi yaushe zai ƙarasa bayanin, sai ya ce a bari ƙafar Iya ta yi sauƙi, a bari a yi salla, a bari Yaya ya dawo daga tafiya. Yana zaune yana shan kunun kanwar nan yana yamutsa fuska, ya san ba ya maganin komai, ya san dalilin da ya sa ake dama shi, amma ya shanye ya ce an gode. Ba mugun mutum ba ne, kun san shi. Mutum ne da aka rene shi a kan cewa ƙani ba ya kai wa zaure labarin da zaure ba ya so. Da abin ya tsaya a kunu, da na haƙura har yau.

Sai Nafisa. 'Yar Alhaji Babba ce ta uku, sa'ar Sa'adatu, tare suka tashi, a ɗakina ta koyi karatu, Umma take ce mini. An sa ranar aurenta bayan babbar salla da wani malamin kwaleji da take so yake sonta. Ran da zai zo zance tun safe ake jin ƙamshin turare a sashensu. Wata rana da hantsi muna shanya, ta ɗaga jiƙaƙƙen zanin gado za ta rataya a igiya, sai na ga ta sauke shi, ta dafa bango da hannu ɗaya tana jan numfashi ta baki. Irin dafawar nan na san ta. Na ce tun yaushe? Ta ce tun kafin azumi, amma ba komai, gajiyar shirin biki ce. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa.

Ranar ban jira mahaifinku ba. Na yafa mayafi na nemi iso wajen Alhaji Babba a zauren ciki, na durƙusa, na faɗa masa duka, har layin da ya ɓace. Ya saurare ni har ƙarshe yana juya zoben azurfarsa.

"Rabi'atu, kin gama?"

"Na gama, Yaya. Hoto kawai za a ɗauka, ko allura babu."

"'Yan mata nawa ne a gidan nan da ba su yi aure ba?"

"Bakwai."

"Ran da aka ji a birni cewa akwai cuta a jinin gidan nan, wa zai ƙara yin sallama a ƙofar nan? Ke kin san garin nan. Magana in ta fito da safe, kafin azahar ta zagaye ganuwa."

"Yaya, in ta yi ciki da wannan abin a ƙirjinta fa?"

"Rai a hannun Allah yake, ba a cikin kwalba ba. Kada in sake jin maganar nan, kuma Nafisa ba ta zuwa ko'ina."

Abin da ya fi ba ni haushi, bai ce ƙarya nake yi ba. Mutum ne mai ilimi, ya gane sarai. Aunawa ya yi, ya ga bakwai sun fi ɗaya nauyi. Ni kuma na riga na ga an fita da ɗaya a makara, ba na iya irin wannan awon.

Na yi kwana uku ina juya abin. Sannan na yi abin da ba na alfahari da shi: na yi ƙarya. Na ce wa mahaifiyarta zan kai ta wajen tela a gwada ɗinkin biki. Sai da muka wuce shagon telan ta juyo ta kalle ni. Na faɗa mata gaskiya a cikin motar, na ce in ta ce a juya, za a juya. Sai ta tambaye ni.

"Irin na Yaya Hindatu ne, Umma?"

"Ban sani ba. Shi za mu je mu ji."

"To mu je."

Hoton ya nuna abin ya fara, bai dai yi nisa ba. Dakta ta zaunar da ita ta yi mata magana kamar babba: za a fara magani, za a ɗebi jini, aure ba a hana ta ba, amma ciki zai iya zama ajalinta. Nafisa ba ta yi kuka a can ba. Kuma ga abin da masu ba da labari suke tsallakewa: ba ni na faɗa wa saurayin ba. Ita ta faɗa masa da bakinta a zance na gaba, ta ce ba za ta shiga gidan mutum da rufa-rufa ba. Shi ya ce ya ji ya gani. Mahaifiyarsa ce ta ce shi kaɗai ne namiji a ɗakinta, ba za ta zuba ido bayansa ya yanke ba. Kafin mako ya zagayo aka aiko a karɓi kaya.

Aka tara mu a tsakar gida bayan la'asar, manya a tabarma, matan gida suna leƙe ta labule. Alhaji Babba bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce an fita da 'yarsa ba izini, an yi masa ƙarya a gidansa, an tallata gidan a bakin duniya. Ban musa ko ɗaya ba. Sai Hajiya Iya ta ɗora nata: wai na kawo cuta na zuba wa nawa, bai ishe ni ba sai na shafa wa na wasu. Na buɗe baki, wallahi ban san abin da zai fito ba, sai na ji muryar mahaifinku.

"Iya, ba ita ba ce."

Kowa ya juya. Ya ciro takardar daga aljihun gaba. Ashe wata biyar yana yawo da ita, duk ta yi laushi.

"An gwada ta, ba ta da komai. A jinina aka samu. Ni na ba Hindatu, ni na ba Sa'adatu. Tun ran farko na sani, na ɓoye. In akwai wanda za a tuhuma, a fara da ni, sannan a zo kanka, Yaya, don kai ma an faɗa maka."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ya ce wa yayansa ko "amma" ba. Na ji daɗi, na kuma ji kamar in shaƙe shi. Wata biyar, Malam! Maganar da ba ta fi numfashi uku ba! Hajiya Iya ta tashi ta shige ɗaki. Alhaji Babba ya naɗe tabarmarsa da kansa, ya ce gida ɗaya ba ya ɗaukar masu gida biyu.

Babu wanda ya kore mu da baki. An dai daina amsa sallamarmu da ƙarfi, an daina aiko mana da kwano, namu kuma yana dawowa ba a buɗe ba. Bayan wata biyu mahaifinku ya samo wannan gidan na Tukur-Tukur. Ya bar ɗakin da aka haife shi da zauren da ya sauke Alƙur'ani. Ran da muke kwasar kaya babu wanda ya fito ya kama mana ko tukunya, sai maƙwabta. Bai taɓa ce mini ni na jawo ba, amma har ya rasu, in ya ce "gida", ba nan yake nufi ba.

Nafisa ta yi shekara ba ta gaishe ni ba. Ta aiko mini da saƙo ta bakin Sa'adatu cewa da na ƙyale ta, da ko wata shida ta yi a ɗakinta. Wannan ya fi maganar kowa ci mini rai, har yau kuma yana ci. Maganar Alhaji Babba ma ba ta faɗi ƙasa banza ba: biyu daga cikin 'yan matan gidan sun daɗe kafin a nemi aurensu, ana ta raɗa a birni. Wannan ma ina cikin masu ɗaukar nauyinsa. Sa'adatu ta gama karatunta a hankali, hawa ɗaya hutu ɗaya, ta yi shekara shida a kan magani, sannan ta bi yayarta. Nafisa tana nan. Kun san gidanta, kun san mijinta da ya aure ta da saninsa, da 'ya'ya ukun da marigayiyar matarsa ta bari suke ce mata Mami. Ba na cewa ni na raya ta, Allah ne. Alhaji Babba ya zo ta'aziyyar Sa'adatu, ya zo ta mahaifinku, ya yi addu'a mai tsawo, bai taɓa tada maganar ba, ni ma ban tayar ba. Daga baya na ji ya sa an kai sauran 'yan matan an ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sunan zuwa wajen tela.

Ke Fa'iza kin ba da jininki, an ce kin tsallake, alhamdu lillahi. Kai kuwa Aminu, sau nawa zan faɗa? Wai kana buga ƙwallo ba ka haki. Ubanka ma ba ya haki. 'Ya'ya mata biyu gare ka. Ka yi digiri har biyu, amma kana ba ni amsar da ko a zaure na ƙi karɓa. Ba na son in ƙara jin "sai na samu lokaci".

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifinku. Shekara uku bayan tashinmu Hajiya Iya ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Ta aiko a kira ni, ni kaɗai. Na same ta bayan azahar a ɗakinta, ta rame ta koma kamar yarinya. Ta sa masu jinya suka fita. Na ɗauka yafiya za ta nema, har na shirya abin da zan ce tun a hanya. Ta ce in matso.

"Kin san Habiba?"

Na ce na ji sunanta, ƙanwar Malam da ta rasu kafin a kawo ni, an ce mini zazzaɓi ne.

"Ba zazzaɓi ba ne. Haihuwar fari, kwana goma sha ɗaya. Tana dafa bango. Ƙanwata Dije ma haka, a gidanmu. Leɓensu duka iri ɗaya. Ran da na ga Hindatu na gane."

Na zauna a ƙasa.

"Hajiya, kin sani? Duk tsawon lokacin nan kin sani, kika ce a bincika can? Me ya hana ki faɗa?"

Ta ɗaga ido ta kalli azara.

"Wa ya tambaye ni? Kowa likita yake tambaya."

Na ce mata wannan ba amsa ba ce. Ban taɓa yi mata magana da irin wannan muryar ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe, hannun nata ba nauyi.

"In na faɗa da bakina, ya zama ni na ba su, Rabi. Wadda na haifa, da jikar da na goya."

Na zo da faɗan shekara talatin a bakina, na duba, babu inda zan sauke shi. Ta ce ƙafarta tana sanyi. Na jawo bargo na rufe mata, na zauna ina matsa mata har aka kira la'asar.